Akuyar da Ba Tamu Ba

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Pasto, dattawan ikilisiya, iyayena mata na zumunta, sannunku da zama. Salamar Ubangiji ta zauna tare da ku.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Hannatu, matar Bulus, wancan da ke bencin baya yana duban ƙasa. Ya san abin da zan faɗa, kuma da izininsa na tsaya nan. Ya ce in faɗi komai, in dai ba zan ƙara gishiri ba.

Na san wasunku sun daɗe da lura cewa duk ranar da mata suka yi anko, ni kaɗai nake zuwa da zane dabam. Ba wanda ya tambaye ni, kuma na gode da wannan kawaici. Yau za ku ji inda zanen zumuntata ya tafi. Amma shaidata ba a kan zane take ba. A kan akuya take, akuyar da ba tamu ba.

Kafin korona ba mu da arziki, amma ba mu kwana da yunwa. Mijina, Baban Rahila, yana aiki a kasuwar tattasai, shi ne mai ɗinke bakin buhu, in kamyo, babbar motar kaya, ya zo kuma ya shiga cikin masu lodi. Yakan dawo gida idanu jajur yana ta atishawa, amma da abin cefane a aljihu. Ni kuma ina suyar ƙosai a ƙofar lekol, makarantar boko. Yara biyu Allah ya ba mu, Iliya da ke makaranta, da Rahila da ban daɗe da yaye ta ba.

Akwai wata Bafulatana, Inna Dije, daga rugagen wajen Fulatari. Mijinta ya rasu tuntuni, awakinta ke riƙe da ita. Takan shigo Diffa jefi-jefi da man shanu da cuku. Wata ranar kasuwa ina komawa gida na iske ta kwance a gindin itacen bedi, zazzaɓi ya kayar da ita, motar garinsu ta tafi ta bar ta. Na kai ta gida. Ba wani abin a zo a gani na yi mata ba, tabarma ce da kunu da maganin zazzaɓi. Ta yi kwanakinta, ta warke, ta tafi. Tun daga nan gidanmu ya zama masaukinta. In lokacin sallarta ya yi in ba ta buta, in kore yara daga gabanta.

Wata rana sai ga ta da budurwar akuya, fara mai dogayen ƙafafu, da tsaga a kunnen hagu. Ta ɗaure ta a gindin katanga da hannunta, ta ce mini ta kawo mini habbanaye.

Ni ƴar gari ce, ban san kan abin ba, sai da ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Akuyar ba kyauta ba ce, ba kuma sayarwa ba. Za ta zauna a hannuna ta haihu, ƴaƴan su zama nawa, uwar ta koma gidansu. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ba a ma dukanta. In kana da taka dabba, to ta habbanaye ake fara ba ruwa. Na tambaye ta, to in ta mutu a hannuna fa? Ta ce in ta mutu ta mutu, ba biya, ba tambaya, Allah mai abu ya karɓi abinsa.

Ku riƙe wannan maganar ta ƙarshe, ƴan'uwa, domin ta nan Shaiɗan ya shigo gidanmu.

Yara suka sa wa akuyar suna Baƙuwa. Baƙuwar da ba ta da kunya ko kaɗan, don ta taɓa cinye rabin littafin Iliya, ta kuma tauna bakin mayafin matar Pasto ranar da ta zo gaishe mu. Mama, kin ce kin yafe, ina tuna miki ne kawai.

Sai cuta ta zo.

Ku duka kuna nan, ba sai na ba ku labari ba. Dama iyaka a rufe take, kamyo ba ya zuwa kamar da, ga zaman ɗar-ɗar da muke ciki a wannan yanki. Korona ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. Buhunan tattasai suka yi ta zama a rumfa, ba mai taya su. Wanda bai sayar ba, me zai ba mai ɗinki? Baban Rahila ya riƙa fita da basillarsa da safe, ya dawo da ita da yamma, ko zare bai zura ba.

Aka rufe lekol. Da bakin yaran nan nake ci, ashe ban sani ba sai da aka kulle ƙofar. Na gwada suya a ƙofar gida, na zauna da takunkumi a fuska ina korar ƙuda har mai ya ƙone. Kowa abin da zai sa a tukunya yake nema, ba ƙosai ba. Jarin ya narke a cikinmu.

Aka rufe majami'a, aka rufe masallatai. Wannan ya fi yi mini ciwo, domin ko ba komai ranar Lahadi nakan zo nan in yi kuka a cikin waƙa ba wanda ya gane. Pasto ya aiko mana da tiyar hatsi, kwanon awo guda, sau ɗaya, na kuma san daga bakin ƴaƴansa ya cire ta. Wa zan je wa? Duk wanda na tuna, halinmu ɗaya. Ana rabon taimako a wasu wurare, amma na waɗanda suka gudo daga garuruwansu ne, kuma sun fi mu bukata. Mu ba mu gudo daga ko'ina ba, a cikin ɗakinmu yunwa ta same mu.

Muka fara sayar da kaya. Rediyo ta fara tafiya. Sai katifa. Sai kwanukan aurena, waɗanda uwata ta tara mini ɗaya bayan ɗaya. Sai kaskon suyar kansa, wanda sayar da shi daidai yake da cewa na haƙura da sana'a. Dillaliya ta gane hanyar gidanmu har ba ta sallama. Kuma kowa sayarwa yake yi a lokacin, don haka abin da za a ba ka ko kunya ba ya ji.

Ranar da na ciro zanen zumunta daga ƙasan akwati, na daɗe riƙe da shi. Na ce wa kaina ai majami'a a rufe take, wa zai gani? Dillaliya ta juya shi, ta ce mai rubutun coci ne, ba kowa zai ɗaura ba, sai dai a yi ƙyallen katifa da shi. Na ce ta ɗauka. Abin da ta ba ni bai kai mu ƙarshen mako ba.

A duk wannan, ga Baƙuwa a turke, ga ciki ya fito mata, ga bazara ta tsaya a kan gari. Ita ma baki ce. Harawa ta yi tsada, dusa ta yi tsada. Bakin kogin Komadugu kuwa kun san ba a zuwa yadda aka ga dama. Sai in bi gindin itatuwa ina tsintar ƴaƴan gawo da na bagaruwa, in haɗa mata da kwalin da na samu a bola. Mutane suna kallona, mace da ƴaƴanta ba su ci ba tana yi wa akuya kiwo.

Sai Rahila ta fara lalacewa. Gashinta ya yi ja, ya yi laushi. Ƙafafun da ta fara gudu da su suka koma ba su ɗaukarta. Na kai ta likita, suka duba ta, suka ba ni abincin tamowa na leda ɗan abin da suke da shi, suka ce in riƙa ba ta madara da ƙwai. Na ce to. Me zan ce? Na goyo ta muka dawo.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne ranar da ta daina kuka. Yaro mai kuka yana da sauran ƙarfi. Ita sai ta kwanta a tabarma ta bi ni da ido kawai.

A ranar ne Baban Rahila ya yi maganar da na san tana zuwa. Muna zaune a inuwar katanga, bai dube ni ba, ya ce:

"Hannatu, ba sauran abin sayarwa a gidan nan sai guda."

Na ce masa ba tamu ba ce.

Ya ce ya sani. Ya ce amma ni da bakina na gaya masa, in ta mutu ba biya, ba tambaya. Bana dabbobi nawa suka mutu? Wa zai yi mamaki? In Inna Dije ta zo mu ce zafi ya kashe ta, shi ke nan, ita ma ba za ta tona ba, al'adarsu ta hana ta.

Na tashi da faɗa, kun san bakina. Na ce matar nan ta bar danginta duka, Musulmi ƴan'uwanta, ta kawo amanarta gidan Kirista, sai mu ne za mu ci? Na faɗi maganganu da yawa. Ya bar ni na gama, sa'an nan ya nuna tabarma da hannu, ya ce:

"To dubi ƴarki ki sake faɗa."

Na duba. Ban iya sake faɗa ba.

Kada kowa a nan ya ga laifin mijina. Uba ne, kuma abin da ya gani ni ma na gani. Ni dai ban ce e ba, ban ce a'a ba.

Ranar kasuwa da safe ya kwance igiya. Baƙuwa ta turje a bakin ƙofa, ta waiwayo tana kuka, ya ja ta suka fita. Ina tsaye riƙe da murfin tukunya, ban tare shi ba.

Na shiga ɗaki, ɗakin da ba katifa, ba kwano, ba komai sai tabarma da yarinya. Na durƙusa zan yi addu'a, sai na tarar ban san abin da zan roƙa ba. In na ce Ubangiji ka sa a saya, na roƙi Allah ya taya ni cin amana ke nan. In na ce ka sa ya dawo da ita, to me Rahila za ta ci? Duk inda na juya, bango. Tun ina yarinya nake addu'a, ban taɓa rasa kalma ba sai ranar.

Na kifa goshina a ƙasa. Abin da ya fito daga bakina ke nan, ba ƙari:

"Yesu, ban san wanne zan roƙa ba. Ga yarinya, ga amana. Ni na kasa. Ka zaɓa mini."

Ban ji murya ba, ban ga haske ba, ba zan yi muku ƙarya a gaban bagadi ba. Na dai zauna a ƙasa har rana ta take, hannuna a kan ƙirjin Rahila ina jin numfashinta.

Can bayan azahar na ji kukan akuya a ƙofar gida.

Ƴan'uwa, zan so in ce muku na yi tsalle na ce Halleluya. Ban yi ba. Gabana ne ya faɗi. Na ce a raina, shi ke nan, an zaɓi akuya an bar mini ƴata.

Baban Rahila ya shigo, ya mayar da ita turke, ya ajiye wani ɗan ƙullin buhu, ya zauna ya rufe fuska. Da ƙyar ya ba ni labari. Ya kai ta wurin wani dillali, dattijo Badamagare da ake kira Malam Mamman. Mutumin ya buɗe bakinta, ya taɓa cikinta, sa'an nan ya kama kunnen hagu ya daɗe yana duban tsagar. Ya ce wannan tsagar mutanen Fulatari ce, saye ka yi ko gado ka ci? Baban Rahila ya ce tun daga gida ya shirya amsa, ya maimaita ta a hanya har ta zauna. Da ya buɗe baki sai ya ji kansa yana cewa, habbanaye ce.

Malam Mamman ya ɗauke hannunsa daga kanta. Ya ce shi dai ba da hannunsa ba, kuma ba ya jin akwai dillalin da zai karɓa a kasuwar nan in ya sani. Bai zage shi ba, bai tara masa mutane ba. Ya tambaye shi ko gida lafiya, Baban Rahila ya gaya masa gaskiya. Dattijon ya ce shi ma rabonsa da la'ada an kwana biyu, ba shi da kuɗin ba shi. Sai ya shiga rumfarsa ya ɗebo dusa, ya ce a ba akuyar amana, ta kusa sauka.

Dusa, ƴan'uwa. Abin da addu'ata ta kawo ke nan a ranar.

Na tankaɗe ta. Mai laushin na dama mana kunu, mai tsakin na jiƙa wa Baƙuwa. Haka muka yi ta raba abinci da akuya, ita a turke mu a tabarma. Iliya ya ce kunun yana karce masa maƙogwaro, na ce ya sha ya yi shiru. Na yi fushi da Allah a kwanakin nan, kuma na gaya masa. Na ce na ba ka zaɓi, abin da ka zaɓa ke nan?

Dusar tana gab da ƙarewa, wata safiya na fito na tarar Baƙuwa ta haihu. Tagwaye, duka mata, suna rawar ƙafa a gindinta. Hantsarta kuwa ta cika har tana ɗiga, akuyar da ta rayu a kan kwali da ƴaƴan gawo. Har yau ban san daga ina nonon nan ya fito ba. Na sani, amma ban san ta yaya ba.

Na bar wa ƴaƴan na farko. Bayan haka na fara tatsa, ina dafawa, ina ɗura wa Rahila da cokali kaɗan-kaɗan. Ba rana ɗaya ta tashi ba. Amma wata rana ina tatsa na ji kuka daga ɗaki, kuka mai ƙarfi na yarinyar da ta ga an yi mata jinkiri. Na ajiye ƙwarya na zauna a ƙasa ina dariya ina hawaye. Ban taɓa jin daɗin rigimar yaro irin ta ranar ba. Ku yabi Ubangiji!

Da an sayar da akuyar nan, kuɗin da za a ba mu a kasuwar da ta mutu, da mun cinye shi cikin ƴan kwanaki, mu koma inda muke, ba akuya ba nono. Ni ban hango wannan ba. Mijina bai hango ba.

Amma ba nan shaidata ta ƙare ba.

Da damina ta sauka, hanya ta ɗan buɗe, sai ga Inna Dije. Da ƙyar na gane ta. Ta rame, ba ƙwaryar man shanu a kanta, ba cuku, hannu biyu ta shigo. Lokacin mun mayar da Baƙuwa da ƴaƴanta bayan madafa saboda ruwa, don haka turken da ta ɗaure ta da hannunta yana nan tsaye, ba komai a jikinsa sai guntun igiya.

Na ga idonta ya sauka a kan turken, ya tashi. Ta zauna. Ta gaishe ni, ta tambayi maigida, ta tambayi yara, ta tambayi ruwa, ta tambayi cuta. Ta tambayi komai ban da akuya. Ni kuma murnar ganinta ta sa ina ta zuba, ban lura ba. Sai da ta sha ruwa ta ajiye moɗa, ta ce, tana duban ƙasa:

"Uwar Rahila, bana dabbobi sun mutu ko'ina. Kada ki sa komai a ranki."

Kun ji? Ƙaryar da muka shirya mata, ita ta kawo mana da kanta, ta shimfiɗa mana don kada mu ji kunya. Da mun sayar, ko baki ba sai mun buɗe ba. Kai kawai za mu gyaɗa, ta yi mana addu'a, ta tafi.

Na tashi na zaga bayan madafa na kwance igiya. Baƙuwa ta fito, ƴaƴanta biyu suna tsalle a bayanta, ta nufi Inna Dije kai tsaye ta sa baki a mayafinta, halinta dai na nan.

Kun san Fulani ba su kuka a gaban mutane. Matar nan ta ja mayafi ta rufe fuskarta, kafaɗunta suna rawa. Da ta samu magana, sai ta gaya mana abin da ya same ta. Kasuwa ta mutu a wajensu ma, sai ka ba da awaki da yawa kafin a ba ka buhun hatsi. Ta yi ta bayarwa. Waɗanda suka rage yunwar bazara ta raunana su, ruwan farko ya zo da sanyi ya kwashe su. Ta kama kunnen nan mai tsaga, ta ce:

"Wannan jikar akuyar uwata ce. Ba ni da sauran ko ɗaya a duniya sai ita."

Ƴan'uwa, ranar da nake kife a ɗaki ina cewa ga yarinya ga amana, ni abu biyu nake gani. Ashe akwai na uku can a daji wajen Fulatari, wata gwauruwa da ba ta san ma ana ciniki a kan rayuwarta ba. Ni ban gan ta ba. Yesu ya gan ta.

Ta ce ba za ta tafi da uwar ba sai an yaye ƴaƴan, sai kuma ƙafafun Rahila sun yi ƙwari. Baban Rahila yana tsaye a bakin ƙofa yana ji. Shi da ya ja akuyar nan zuwa kasuwa, shi ne ya matso ya durƙusa, ya ce:

"Inna, in lokacin ya yi, ki haɗa da ɗaya cikin ƴaƴan. Mu ma mun ba ki habbanaye."

Ta buɗe fuska ta dube shi, hawaye na zuba, sai ta yi dariya. Ta ce tunda uwarta ta haife ta ba ta taɓa jin ɗan gari ya ba Bafulatana habbanaye ba. Amma ta karɓa.

Ba zan ce muku mun yi arziki ba. Har yau katifarmu ba ta dawo ba, kaskon da nake suya da shi na aro ne, zanen zumunta kuwa ga shi kuna gani, ban samu na sake saye ba. Akwai ranakun da har yanzu nake rasa abin da zan roƙa. Amma ga Rahila can a layin yara, ita ce mai jan kunnen ta kusa da ita, Malama ki raba su. Da ƙafafunta ta zo majami'a yau.

Na gode wa Yesu da bai bar ni na zaɓa ba. Na gode masa domin dattijon da ya ɗauke hannunsa, da bakin mijina da ya ƙi yin ƙarya, da dusar da na raina.

In akwai wani a nan da ya kai inda na kai, ya durƙusa ya rasa ma abin da zai ce, kada ya tashi don ba shi da kalma. Ka gaya masa ka kasa, ka bar masa zaɓin. Wataƙila abin da zai fara aiko maka dusa ce. Ka karɓa, ka tankaɗe, ka jira shi.

Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin.